Wasannin Kalmomi: Hanyar Ƙara Wa Ɗaliban Bici Sanin Kalmomin Turanci Da Ma'anoninsu

Gabatarwa

Ƙaramar Hukumar Bici tana arewa maso yamma da birnin Kano, a kan hanyar da ta nufi Katsina, kuma tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 44 da ke wannan jiha. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa al'ummarta sun haura mutum 277,000, waɗanda ke zaune a mazaɓu 11 da suka haɗa da Badume da Ɗanzabuwa da Saye da Kwamarawa da Yallami. Ƙasa ce ta noma, gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye, inda ake noma gero da dawa da wake da gyaɗa da damina, sannan a koma kayan lambu da rani.

Kamar yadda aka sani, da Hausa ake gudanar da dukkan harkokin rayuwa a wannan yanki, tun daga ciniki a kasuwa, da wa'azi a masallaci, har zuwa hira a dandali da sauraren rediyo. Wannan abin alfahari ne a gare mu. Sai dai kuma da harshen Turanci ake yi wa 'ya'yanmu jarrabawar kammala sakandare ta hukumomin WAEC da NECO, kuma ba a ba ɗalibi gurbin karatu a jami'a sai ya sami kiredit a darasin Turanci. Haka zalika, a jarrabawar hukumar JAMB, tambayoyi 60 daga cikin 180 na Turanci ne. Saboda haka sau da yawa akan sami yaron da tun yana ƙarami yake bin mahaifinsa huɗa, amma ya kasa amsa tambaya a kan RIDGE a jarrabawar aikin gona, alhali kunyar gona kawai ake nufi. Ya san abin sarai, sunansa na Turanci ne ya ɓace masa, kuma ta haka shekara guda takan salwanta.

Babban dalilin wannan matsala shi ne, ɗalibin karkara yakan ji kalmar Turanci sau ɗaya a cikin aji, daga nan ba zai sake haɗuwa da ita ba sai a zauren jarrabawa. Kalma kuwa ba ta zama a ƙwaƙwalwa sai da maimaici. Manufar wannan bayani ita ce mu nuna wa malamai da iyaye da ɗalibai yadda wasannin kalmomi za su samar da wannan maimaici cikin nishaɗi ba tare da kashe kuɗi ba, da kuma sharaɗi guda wanda in babu shi wasan ba zai amfani ɗalibi ba, wato sanin ma'anar kowace kalma da aka yi wasa da ita.

Wasa Da Kalma Ba Baƙon Abu Ba Ne A Wurinmu

Tun kafin zuwan boko, Bahaushe yana wasa ƙwaƙwalwar 'ya'yansa da harshe. Da dare, bayan an ci tuwo, yara kan kewaye kaka ko yaya a yi kacici-kacici, a siffanta abu a ɓoye sunansa, wanda ya kasa ya ba da gari. Akwai salon magana mai karya harshe, inda ake jera kalmomi masu kama da juna a ce a faɗe su da sauri. Akwai kuma zaurance, inda ake cusa wata gaɓa a tsakanin gaɓoɓin kalma, ko a juya su, ta yadda wanda bai iya ba ba zai gane abin da ake faɗa ba. Manya kuma suna da dara, wadda ke koyar da lissafi da haƙuri da hangen abin da abokin wasa zai yi.

Idan muka lura, wasannin kalmomi na Turanci ba su wuce waɗannan ba. Wani kacici-kacici ne da aka rubuta, wani zaurance ne da haruffa, wani kuma dara ce da ake yi da baƙaƙe da wasula a maimakon 'ya'yan dara. Don haka yaron da ya taso da waɗancan ya riga ya sami harsashin waɗannan.

Manyan Wasannin Da Tarihinsu

Na farko shi ne wasan cike gurbi na kalmomi masu gicciye, wanda ake gani a shafukan jaridu. Wani ɗan jarida haifaffen Ingila mai suna Arthur Wynne ne ya fara buga shi a jaridar New York World ta Amurka ranar 21 ga Disamba, 1913. Ana zana gidaje, wasu farare wasu baƙaƙe, sannan a ba da bayanin kowace kalma a gefe, mai wasa ya nemo kalmar ya rubuta ta harafi ɗaya a kowane gida, wasu a kwance wasu a tsaye. Wannan wasa ba ya yiwuwa sai da sanin ma'ana, domin daga ma'ana ake tashi a nemo kalma.

Na biyu shi ne Scrabble. Wani mai zanen gine-gine Ba'amurke, Alfred Butts, shi ya ƙago shi a shekarar 1938, aka kuma raɗa masa wannan suna a 1948. Allonsa yana da gidaje 15 a tsaye da 15 a kwance, jimla 225. Ƙwayoyinsa 100 ne, kowace da harafinta da makinta, in ban da guda biyu da ba a rubuta musu komai ba, waɗanda ke iya tsayawa a madadin kowane harafi. Butts ya ƙirga yawan fitowar kowane harafi a shafukan jaridu kafin ya raba maki. Shi ya sa harafin E, wanda ya fi kowane yawa, yake da ƙwayoyi 12 amma makinsa 1 ne kacal, yayin da Q da Z suke da ƙwaya ɗaya-ɗaya amma kowane makinsa 10, J da X kuma 8. Kowane ɗan wasa yana riƙe ƙwayoyi bakwai, kuma wanda ya zube su duka a kalma ɗaya yana samun ƙarin maki 50.

Na uku shi ne tsanin kalmomi, wanda marubucin nan na Ingila, Lewis Carroll, ya fitar a 1879. Ana ba da kalmomi biyu masu yawan haruffa ɗaya, a ce a tashi daga ta farko a isa ta biyu ta hanyar sauya harafi ɗaya a kowane mataki. Na huɗu kuwa sabo ne, wato Wordle, wanda Josh Wardle ya saki a intanet a 2021, jaridar New York Times ta saye shi a 2022. A cikinsa ana ɓoye kalma mai haruffa biyar, a ba mutum dama shida ya canko ta. Malami zai iya yin irinsa da alli a kan allon aji ba tare da waya ba.

Nijeriya Da Wasan Scrabble

Ƙasarmu tana cikin ƙasashen da suka fi shahara a wannan wasa a duniya. An kafa ƙungiyar wasan ta ƙasa a 1989, kuma a farkon shekarun 1990 gwamnati ta amince da shi a cikin jerin wasanni. A watan Nuwamba na 2015, Wellington Jighere, ɗan Jihar Delta, ya lashe gasar duniya a birnin Perth na Ostareliya, inda ya doke Lewis Mackay na Ingila da ci 4 da nema a wasan ƙarshe. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya kai wannan matsayi. An kuma san 'yan wasan Nijeriya da dabarar fifita gajerun kalmomi, domin kada su buɗe wa abokin karawa hanyar cin maki mai yawa. Darasin da ke nan shi ne, ba sai Turanci ne harshen uwar mutum ba kafin ya fi Bature sanin kalmominsa.

To amma akwai wani labari da ya kamata mu ajiye kusa da wannan. A cikin shekarar 2015 ɗin dai, wani gwanin wasan ɗan ƙasar Niyuzilan, Nigel Richards, ya lashe gasar duniya ta Scrabble ta harshen Faransanci alhali ba ya jin Faransanci. Haddace jerin kalmomin ya yi cikin kimanin makonni tara. A 2024 ya sake yin haka a gasar harshen Sifaniyanci. Wannan ya nuna cewa ana iya cin Scrabble da haddar haruffa kawai, ba tare da sanin abin da kalma take nufi ba. Hakan ya wadatar da mai neman kofi, amma bai wadatar da ɗalibinmu ba, domin a jarrabawa za a tambaye shi kalmar da ta yi daidai da wata a ma'ana, ko kishiyarta, ko a ba shi labari ya karanta ya amsa tambayoyi. Wanda ya haddace kalma bai san ma'anarta ba tamkar wanda ya cika rumbu da ƙaiƙayi ne. Shi ya sa muke ba da shawarar cewa a makarantunmu kada a ƙirga wa ɗalibi makin kalma sai ya faɗi ma'anarta da Hausa.

Jarin Da Ɗalibinmu Yake Da Shi

Kuskure ne a ɗauka cewa yaron ƙauye yana fara Turanci ne hannu rabbana. Hausa ta ari ɗaruruwan kalmomi daga Turanci, kuma yana amfani da su kullum. A tashar mota yana jin direba da birki da taya da giya da injin, waɗanda asalinsu DRIVER da BRAKE da TYRE da GEAR da ENGINE ne. A kasuwar Badume yana ganin tumatir da kabeji da karas da latas da sikeli, wato TOMATO da CABBAGE da CARROT da LETTUCE da SCALE. A fadamar noman rani akwai famfo da bokiti, wato PUMP da BUCKET. Aikin malami a nan shi ne ya mayar da kowace kalma gidansu, ya nuna yadda Hausa ta cusa wasali a tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, ta yadda BREAD ta zama burodi, BRUSH ta zama buroshi. Yaron da ya gane wannan zai daina rubuta wasalin da babu shi a Turanci.

Jari na biyu yana hannun ɗalibin Islamiyya da makarantar allo. Turanci ya ari kalmomi da dama daga Larabci, kuma suna cikin jerin kalmomin Collins, wanda shi ne alƙalin gasar Scrabble a Nijeriya da mafi yawan ƙasashe, mai ɗauke da kalmomi fiye da 270,000. Harafin Q yakan maƙale wa 'yan wasa domin galibi sai da U yake tafiya, amma ga QADI, wato alƙali, mai maki 14, da QIBLA, wato alƙibla, mai maki 16, da FIQH, wato fiƙihu, da WAQF, wato waƙafi, kowace da maki 19. Haka nan ZAKAT tana da maki 18, sannan akwai IMAM da HALAL da HADITH da SURA. Waɗannan kalmomi ne da Bature yake wahalar haddacewa, alhali ɗanmu ya san ma'anarsu tun yana ƙarami.

Bugu da ƙari, Turanci yana ci gaba da karɓar kalmomi daga ƙasar nan. A watan Janairu na 2020 babban ƙamusun Oxford ya sanar da shigar da kalmomin Nijeriya 29, ciki har da Kannywood da okada da danfo, daga baya kuma ya ƙara wasu da suka haɗa da suya. Ko kalmar kwabo, wadda muka aro daga COPPER, wato tagulla, tana da 'yar'uwa a Turancin yau, wato KOBO, kuma ana karɓarta a wasa tare da NAIRA.

Kalmomi Masu Fuska Biyu

Akwai wani rukunin kalmomi da rubutunsu ɗaya ne a Hausa da Turanci, amma furucinsu da ma'anarsu sun sha bamban. Waɗannan suna da daɗin wasa, kuma suna koya wa ɗalibi kada ya yarda da kamannin kalma sai ya bincika. Ga kaɗan daga cikinsu:

WAKE: a wurinmu abinci ne, a Turanci farkawa daga barci.
RAKE: a wurinmu abin sha ne mai zaƙi, a Turanci manjagara.
DARE: a wurinmu kishiyar rana, a Turanci yin ƙuru.
SHARE: a wurinmu aikin tsintsiya, a Turanci kaso ko rabawa.
RAGE: a wurinmu ɗebe wani abu, a Turanci matsanancin fushi.
GAME: a wurinmu haɗawa, a Turanci wasa.
TARE: a wurinmu zama wuri ɗaya, a Turanci nauyin buhu ko mazubi wanda ake cirewa kafin a san nauyin kayan da ke ciki.
TUBA: a wurinmu komawa ga Allah, a Turanci wani babban abin busa na ƙarfe.
RANI: a wurinmu lokacin da ba ruwa, a Turanci sarauniya ko matar sarki a ƙasar Indiya.

Za a lura cewa mafi yawansu suna ƙarewa da E wadda ba a furtawa a Turanci, sai dai ta sauya furucin wasalin da ya gabace ta. Wannan ƙa'ida ce babba da ɗalibi zai riƙe daga wasa guda.

Misalin da ya fi kowane nuna muhimmancin ma'ana shi ne ZOBO. Ɗalibi zai iya ajiye ta a allo ya ci maki 15, yana zaton zoɓon da ake sha ne. Amma a jerin Collins sunan wata dabba ce ta tsaunukan Himalaya, wadda ake samu daga barbarar saniya da wani irin sa mai yawan gashi. Haka abin yake ga ƙananan kalmomi masu haruffa biyu, waɗanda yawansu ya kai 127 a jerin. MU sunan harafi ne na Girkanci, KO sandar haƙa ce ta mutanen Mawori na Niyuzilan, DA kuma wata wuƙa ce ta ƙasar Bama. Irin waɗannan suna da amfani wajen cin maki, amma kada ɗalibi ya saka su a cikin insha'i. Wajibi ne malami ya bambance masa kalmar wasa da kalmar aiki.

Wuraren Da Aka Fi Yin Tuntuɓe

Akwai haruffa huɗu na Turanci da ba sa cikin abacadar Hausa ta asali, wato P da Q da V da X. Saboda haka kunnen Bahaushe yakan haɗa P da F, ya kuma haɗa V da B. Daga nan ne ake samun rikici tsakanin PAN, wato kasko, da FAN, wato fanka. Da PULL, wato ja, da FULL, wato cikakke. Da kuma VOTE, wato ƙuri'a, da BOAT, wato jirgin ruwa. A magana akan wuce da wannan, amma a rubuce kuskure ne da ke cin maki. Wasa yana maganinsa, domin P makinta 3 ne, F kuma 4, kuma yaron da abokinsa ya taɓa ƙalubalantarsa a gaban jama'a ya rasa makinsa ba zai sake mantawa ba.

Na biyu, Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, amma Turanci yana da haruffa 26 da ke ɗaukar sautuka kimanin 44, kuma yana da haruffan da ake rubutawa ba a furta su. K ba ta fita a KNIFE, wato wuƙa. B ba ta fita a LAMB, wato ɗan tunkiya. Haka nan GH a PLOUGH, wato garma. Na uku, akwai kalmomin da furucinsu ɗaya ne amma rubutu da ma'ana daban, kamar MAIZE, masara, da MAZE, hanya mai ruɗarwa. Da FLOUR, gari, da FLOWER, fure. Da WEEK, mako, da WEAK, rarrauna. Da SOW, shuka, da SEW, ɗinki. Wasan cike gurbi shi ya fi dacewa da waɗannan, tun da bayanin ma'ana ne ke nuna wadda ake nufi.

Dabarun Tara Kalmomi

Dabara ta farko ita ce a fara da abin da yaro ya sani. Malami ya ware mako guda ga kalmomin gona: MILLET gero, SORGHUM dawa, COWPEA wake, HOE fartanya, SICKLE lauje, MANURE taki, HARVEST girbi, THRESH sussuka, WINNOW sheƙa, GRANARY rumbu. Mako na gaba a koma kasuwa, sannan asibiti, sannan tasha. Kalmar da ke da hoto a zuciyar yaro ta fi saurin zama.

Ta biyu ita ce ƙara harafi a goshin kalma ko a ƙeyarta. Daga RAIN, ruwan sama, ana samun GRAIN, hatsi, da TRAIN, jirgin ƙasa, da DRAIN, magudana, da BRAIN, ƙwaƙwalwa. Daga OIL, mai, ana samun SOIL, ƙasar noma, da BOIL, tafasa, da TOIL, aikin wahala. Daga RICE, shinkafa, ana samun PRICE, farashi. Kalma ɗaya ta haifi huɗu ko biyar.

Ta uku ita ce sanin ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya. Kamar yadda muke samun manomi da manoma daga noma, haka Turanci ke samun FARMER da FARMING da FARMLAND daga FARM. Ɗafa-goshin UN yana juya ma'ana zuwa kishiyarta, RE yana nufin sakewa, ɗafa-ƙeyar FUL yana nuna samuwar abu, LESS kuma rashinsa. Wanda ya san CARE, wato kula, ya riga ya san CAREFUL da CARELESS.

Ta huɗu ita ce juya haruffa. Haruffan MEAT, nama, su ne na TEAM, ƙungiya, da MATE, aboki, da TAME, horar da dabba. Haruffan EARTH, ƙasa, su ne na HEART, zuciya. Abin sha'awa kuma, haruffan RAIN su ne na RANI. Ta biyar ita ce tsani. Ga misalin yadda ake tashi daga iri a isa ga abinci: SEED, iri, HEED, kula, HOED, an yi noma da fartanya, HOOD, hular da ke haɗe da riga, FOOD, abinci. A kowane mataki harafi ɗaya ne ya sauya, kuma dole a faɗi ma'ana kafin a taka na gaba.

Kada yawan kalmomin Turanci ya karya wa kowa gwiwa. A 1953 wani masanin koyar da Turanci, Michael West, ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 da suka fi yawo, waɗanda su ne kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ake karantawa a rubutu na yau da kullum. Idan muka ƙaddara kwanakin karatu 180 a shekara, ɗalibin da ke riƙe kalma biyar kullum zai tara 900 a shekara, ya kuma tara 2,700 a shekaru uku na ƙaramar sakandare. Da ma an ce sannu ba ta hana zuwa.

Muhimmancin Ƙamus

Ƙamus shi ne alƙalin wasa, kuma mu a ƙasar Hausa an yi mana hidima a wannan fanni. G. P. Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa na Hausa zuwa Turanci a 1934, R. C. Abraham ya biyo baya a 1949. Neil Skinner ya fitar da Kamus na Turanci da Hausa a 1965. A 1977 Paul Newman da Roxana Ma Newman suka tsara Sabon Kamus na Hausa zuwa Turanci a Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da ke nan Kano, Roxana ta kuma fitar da na Turanci zuwa Hausa a 1990. Cibiyar ta Jami'ar Bayero ta wallafa Ƙamusun Hausa a 2006. Ya kamata kowace makaranta ta mallaki aƙalla ƙamus ɗaya na Turanci zuwa Hausa da ɗaya na Turanci zalla, kuma a fito da su daga cikin kabad su shiga hannun yara. Ƙamusun da ya tsufa a hannun ɗalibai ya fi wanda gara ta cinye a ofis.

Yadda Za A Shirya Wasan A Makaranta Da Gida

Ba lallai ne a sayi allo na kanti ba. Ana iya samun kwali mai faɗi a zana masa gidaje 225 da rula, a tara marafan kwalaben lemo guda 100, a manna wa kowane 'yar takarda mai ɗauke da harafi da maki, a zuba su a cikin jakar tsumma. Ɗalibai da kansu za su iya yin wannan a darasin sana'ar hannu. Har ila yau, garin Bici yana da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha, kuma ɗalibanta masu zuwa koyon aikin koyarwa za su iya taimakawa wajen kafa ƙungiyoyin wasan a makarantun da aka tura su. Muna ba da shawarar a kiyaye waɗannan ƙa'idoji:

1. Duk wanda ya ajiye kalma ya faɗi ma'anarta da Hausa. In ya kasa, a duba ƙamus a gaban kowa, a ba shi rabin makin.
2. Wanda ya saka kalmar a cikin jimla daidai a ƙara masa maki biyar.
3. Kowane ɗalibi ya tanadi ɗan littafi da zai riƙa rubuta sababbin kalmomi da ma'anoninsu, malami ya duba shi a ƙarshen mako.
4. A ba 'yan mata dama daidai da maza, a kuma tanadar musu nasu allon da lokacinsu.
5. Kada wasa ya shiga lokacin salla ko na Islamiyya ko na taimakon iyaye a gona. Bayan kaka, lokacin da aiki ya yi sauƙi, shi ya fi dacewa da shirya gasa tsakanin makarantu.
6. Kada a saka kuɗi ko wani abu a matsayin jingina, komai ƙanƙantarsa.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe tana da muhimmanci ƙwarai. Iyaye da dama suna ɗari-ɗari da duk wasan da ake zama a kewaye allo, saboda tsoron caca da shashanci, kuma suna da hujja. Don haka ya kamata shugaban makaranta ya gayyaci iyaye da dagaci ko mai unguwa da limami su ga yadda ake yi da idonsu, su ga ƙamus a tsakiya da littafi a hannun kowane yaro. Gani ya kori ji.

Kammalawa

A watan Yuni na 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan harkar ilimi. Gina ajujuwa da ɗaukar malamai da samar da littattafai nauyi ne da ke kan hukuma, amma akwai abin da al'umma za ta iya yi da kanta tun daga yau, da kwali da marafan kwalba da ƙamus guda. Koyon Turanci ba ya nufin yin watsi da Hausa. Hasali ma, yaron da ake sa shi ya fassara kowace kalma yana ƙara ƙwarewa ne a harsunan biyu a lokaci guda, domin sai ya nemo manjagara da lauje da sheƙa a bakinsa kafin a ba shi maki.

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin makarantu da malaman Turanci da na Hausa da ƙungiyoyin iyaye da malamai na Ƙaramar Hukumar Bici da sauran ƙananan hukumomin jihar nan da su ware ko da sa'a ɗaya a mako domin wannan aiki. Muna kuma kira ga tsofaffin ɗalibai da masu hannu da shuni da su taimaka wa makarantun garuruwansu da ƙamusoshi. Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani, amin.